Motar da Ta Ji Bugun Zuciyata

Fasfona ne abin da na fara rasawa a ƙasar, tun ban fita daga filin jirgi ba. Wani ɗan gajeren mutum mai riƙe da kwali da sunayenmu a jiki ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙo hannu. Mu bakwai ne, kowa ya ba shi nasa. Ya haɗa su ya ɗaure da roba ya jefa a aljihu. Da ɗan Larabcin da na tsinta tun ina yaro na tambaye shi inda gidan dattijon da aka ce zan riƙa tuƙawa yake. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya nuna min wata farar bas.

Sunana Ɗayyabu. Ƙauyenmu yana gabas da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Da aka raba mana gonar mahaifinmu mu shida, rabona bai wuce a gama shukarsa kafin hantsi ba. Shi ya sa na kama tuƙi tun ina saurayi. Shekara goma sha tara ina jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano, har motar ta mutu mutuwar da babu bakaniken da zai iya tashinta. A nan ne wani ejan a Kano ya ce min akwai wani tsohon attajiri a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku da ke neman direba Musulmi mai natsuwa, aikin kawai a kai shi masallaci da asibiti. Ban taɓa ganin tsohon ba. Ban sani ba ko an taɓa yin sa ma.

Bas ɗin ta sauke mu a wani sansani can bayan gari, a tsakiyar rairayi, babu bishiya ko guda. Ɗakunan kwantena ne, mutum takwas a kowanne, gado bisa gado. Aka ba ni takarda da Larabci da Turanci na dangwala hannu. Sai daga baya na san na yarda ne in tuƙa bas ɗin leburori shekara biyu, daga sansanin zuwa wani wurin gini a bakin teku, in dawo da su da yamma.

Ina zaune a bakin gado, jakata a cinya, na rasa inda zan sa kaina, sai na ji an ce, "Malam, sannu da hanya. Daga wace ƙasar?"

Na ɗago a firgice. Wani mai jiki ne, da furfura a gemu, yana goge hannu da tawul. Lawwali sunansa, mutumin Tofa, shekararsa huɗu yana tuƙi a kamfanin. Da na gaya masa zancen tsohon attajiri bai yi dariya ba. Ya ce shi ma asibiti aka ce masa zai tuƙa motar marasa lafiya. Ranar ya tuƙa mana tuwon samobita, ya buɗe wata leda da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa ya ɗebo kuka. Ina kai loma, ƙamshin miyar ya kai ni tsakar gidana.

Kwana uku bayan nan aka kai mu gareji. A can na haɗu da Malam Usman, wani dogo baƙi ɗan Sudan mai tabarau, shi ke kula da na'urorin da ke cikin motocin. Da ya ga sunana a takarda sai ya ɗago kai ya ce, "Kai Bahaushe ne?" Hausarsa mai nauyi ce, irin ta tsofaffin da. Ashe kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya noman auduga a Sudan, bai ƙarasa ba, bai kuma komo ba.

Ya hau da ni bas ɗin da aka ba ni, ya ce in zauna in riƙe sitiyari. Ya nuna min wani siririn zare mai ƙyalli da ya kewaye sitiyarin. Ya ce wannan yana jin bugun jini a tafin hannu, da zufa, da ƙarfin da mutum ya damƙe shi. Kujerar da nake kai tana jin numfashi. Wata 'yar kamara kusa da madubi, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, tana kallon ido. Hatta yadda ake taka birki da totur ana ji.

Ya ce, "Ba ta ƙara, ba ta magana, ba za ka ma san tana nan ba. Ita dai saurare take yi, tana aiko min."

Na ce, "To me take nema a jikina?"

"Damuwa. Tsoro, fushi, gajiya. Sun ce direban da hankalinsa ya tashi ya fi kusa da haɗari."

"Ke nan ta san abin da nake tunani?"

Ya yi murmushi ya ce, "A'a, ɗan'uwa. Ta san jikinka ya tashi, ba ta san abin da ya tashe shi ba. Wannan sai ka faɗa da bakinka."

Duk ranar Alhamis ana liƙa takarda a bangon gareji, sunan kowane direba da launi a gabansa. Kore, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, a kula. Ja kuwa, in ya kai sati biyu a jere, mudir zai kira ka, wato manajan, kuma ba kasafai wanda aka kira yake sake hawa mota ba. A wata na biyu da zuwana na ga an yi wa wani ɗan Kenya haka. Mutum ne mai raha, sai ya daina magana, sunansa ya yi ja sati biyu. Ya shiga ofis ya daɗe, ya fito idonsa jajur. Washegari an naɗe katifarsa. Babu wanda ya san abin da ya faɗa musu a ciki, amma kowa ya ɗauki darasi ɗaya: kada ka bari su san cikinka.

Ni kuwa wata uku na yi ina ruwan ɗorawa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Ni da na sha ratsa cunkoson Kurna da mota maƙare da mutane da buhuna, ni da na sha kauce wa garken shanu ranar kasuwar Ɗanbatta ban ko ɗaga ƙafa daga totur ba, wai ni ne mota za ta ce ina jin tsoro? Amma gaskiya ta faɗa. Titin layi shida ne, alluna duk da rubutun da ban iya karantawa da sauri ba, manyan motoci su taho a guje su manne maka a baya suna ƙyafta fitila. Duk lokacin da na sauka sai in ga shatin sitiyari a tafin hannuna. Malam Usman ya ce in sassauta riƙo, in riƙa jan numfashi a hankali in na tsaya a danja. Na haɗa da istigifari, ina ja a hankali, ɗaya da numfashi ɗaya. A wata na huɗu na ga kore a gaban sunana. Lawwali ya buga kafaɗata. Shi kam tunda na zo ban taɓa ganin sunansa da wani launi ba sai kore.

Leburorin da nake ɗauka su talatin ne, daga ƙasashe daban-daban, yawancinsu barci suke yi kafin mu fita daga sansani. Akwai wani dattijo ɗan Bangaladash mai ɗaure rodi, Karim, da ke zama a kujerar gaba kusa da ƙofa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Amma kullum da safe in ya hau sai ya yi sallama, ya ajiye min ƙwayar kanumfari ɗaya a gaban gilas, ya nuna bakinsa ya nuna idonsa, wato in tauna don kada in yi gyangyaɗi. Wata takwas bai taɓa fashi ba.

Kewar gida ta fi tsanani da damina ta sauka a can. Matata Hajara ta ce min a waya an yi ruwan shuka, ni kuwa a nan sama fari fat kamar faranti, iska kamar daga bakin tanda. Sai in riƙa lissafi a raina ina tuƙi: yanzu gero ya kai gwiwa, yanzu ana maimai, yanzu gyaɗa ta fara fure. Ranar Juma'a muke hutu, ranar nake kiran gida.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, muna kiranta Ummi. Ta gama sakandare, ta auri wani malamin firamare a cikin Ɗanbatta, wanda ita ta kawo shi, tana ɗinki a gida. Mu irin namu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba tana ƙarama, da ta girma kuma maganarmu ba ta wuce gaisuwa. In ta zo gida ranar Juma'a sai ta karɓi wayar uwarta ta ce, "Baba, ina wuni, ya aiki?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau. Ba wa babarki." Na san tana da ciki, uwarta ta gaya min a kaikaice. Na riga na sayo 'yan kayan jarirai a wani kanti, na ɓoye a ƙasan jaka ban gaya wa kowa ba.

Wata Talata da yamma ina tsaye a ƙofar wurin ginin ina jiran leburori su tashi. Injin yana kunne saboda sanyi, hannuna ɗaya a kan sitiyari. Waya ta yi ƙara, na ga ƙanena Sanusi ne. Ba ya kira sai Juma'a.

Ya ce, "Yaya, kana tuƙi ne?"

Na ce, "A tsaye nake. Lafiya?"

 Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Ummi ta sauka da asuba, namiji, yana nan da rai. Amma jini bai tsaya ba. Da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Yanzu muka dawo daga kai ta."

Na ji ya ce, "Ga Yaya Hajara." Numfashinta kawai nake ji yana sarƙewa. A daidai lokacin aka buɗe ƙofar wurin ginin, leburori suka fara hawowa, hular kwano a hannu, Karim a gaba yana yi min sallama. Mai gadi yana ta yi min alama da hannu in matsa. Na ce, "Allah ya jiƙanta. Ina wurin aiki, zan kira." Na kashe wayar, na sa giya.

Har yau ban san yadda na kai su sansani ba. Na dai san na kai su. Na yi sallar magariba, na ci abin da aka ba ni, na kwanta. Washegari na tashi na hau mota. Ban gaya wa kowa ba. Ban kira gida ba. Duk lokacin da na ɗauko wayar sai in ji in na ji muryar Hajara wani abu zai ɓalle a ƙirjina wanda ba zan iya mayar da shi ba, kuma da safe dole in ɗora hannu a kan sitiyarin nan. Na yi ta istigifari a danja, amma numfashin ya ƙi bin sa. In na lumshe ido sai in gan ta tana 'yar shekara biyar, ta tsaya a bakin zaure da kwanon ruwa tana jiran in sauko daga mota, ni kuma in karɓa ban dube ta ba.

Alhamis ta farko sunana ya yi ja. Na ce wa Lawwali mura ce. Bayan kwana shida, ana gobe za a sake liƙa takarda, Malam Usman ya aiko a kira ni. Ofishinsa ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen gareji. Ya rufe ƙofa, ya zuba min shayi, ya juyo min da allon kwamfuta. Na ga wani layi yana tafiya a kwance, sai ya miƙe sama tsaye kamar an soka mashi, daga nan bai sake komawa inda yake ba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan Talatar wancan satin ce, ƙarfe biyar saura. Motarka a tsaye take, ba gudu kake ba, babu wanda ya shiga gabanka. Me ya same ka?"

Na ce, "Zafi ne, Malam Usman."

"Sanyi a kunne yake a motar."

"To ban sani ba. Wataƙila na'urarku ce ta lalace."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Shekarata shida ina duba layukan nan. Na san na mai fushi, yana hawa ya sauka. Na san na mai gyangyaɗi. Irin wannan sau kaɗan na gani, kuma duk wayar gida ce. In rasuwa aka yi maka, ka gaya min. Akwai hutun kwana uku, ni zan rubuta in kai wa mudir da hannuna, in ce a ɗauke jan nan daga kanka."

Na dubi shayin. Na tuna ɗan Kenya da katifarsa a naɗe. Na ce a raina, wannan fa ma'aikacinsu ne, Hausar da yake ji ba za ta hana shi yin aikinsa ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Tunda Sanusi ya faɗa, maganar ba ta fita daga bakina ba, ina ganin kamar in ban faɗa ba akwai sauran wani abu. Na ce, "Kowa lafiya a gida. Na gode da shayi."

Ya ce, "Zan riƙe takardarka zuwa Lahadi. Ba zan iya wuce nan ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Lawwali ya ja ni inuwar tankin ruwa. Ya ce, "Malam Ɗayyabu, kwana goma ba ka cin abinci sai wasa da cokali. Ni ba yaro ba ne." Na ce masa an yi min rasuwa a gida, ban faɗi ko wa ba, bai kuma tambaya ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Sai ya waiga ya ga babu kowa, ya ciro wani ɗan kwali daga aljihu.

Ya ce, "Kana zaton ni dutse ne da kullum nake kore? Mahaifiyata ta rasu ina nan. Gidana ya rushe da damina ina nan. Wannan maganin masu ciwon zuciya ne, yana kwantar da bugunta. Ka sha ɗaya da safe, ko duniya za ta tashi sitiyari ba zai ji komai ba."

Na ce, "Ba ya bugarwa?"

"Ba ƙwaya ba ce, magani ne. Shekara uku ina sha."

Don Allah ya ba ni, wannan ba na shakka. Ya ga ɗan'uwansa zai nutse ne ya miƙo abin da yake da shi.

Asabar da safe na sha ɗaya da ruwan shayi, cikina babu komai. Da na zo hawa mota na ji ƙirjina yana nan yana duka, sai na ce ɗaya ba za ta ishe ni ba, na ƙara ta biyu. Mun yi nisa a babban titi sai na ji wani irin sanyi ya sauko min. Hannuna ya saki, ƙirjina ya yi shiru. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, karo na farko cikin kwana goma sha ɗaya. Akwai wani babban shataletale kafin a karya zuwa bakin teku. Na gan shi yana tahowa, na san ya kamata in taka birki, amma ƙafata ta yi nisa da ni kamar ta wani. Hasken rana ya zama rawaya, sannan ya zama baƙi.

Ihun mutane ne ya dawo da ni. Bas ɗin ta hau kan shataletalen ta daki shingen kankare. Gilas ya tarwatse. Leburori suna ta dirowa ta taga. Allah ya taƙaita, babu wanda ya mutu. Amma Karim, da yake kujerarsa babu abin da ya tare ta, an wurga shi ya bugi ƙarfen ƙofa. Na gan shi a ƙasa, hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Bai yi ihu ba, ni yake kallo.

'Yan sanda suka gwada numfashina da jinina, ba su sami giya ba, ba su sami kayan maye ba. Aka mayar da ni gareji. Kafin a shigar da ni wurin mudir, Malam Usman ya sake juyo min da allon nan. Layin da ya yi kwana goma sha ɗaya a sama ya faɗo ƙasa warwas da safiyar ranar, ya wuce inda yake tun ina lafiya.

Ya ce, "Zuciyar ɗan Adam ba ta sauka haka da kanta. Na gani tun kuna hanya, na kira wayar motar sau biyu ba ka ɗauka ba. Me ka sha?"

A nan na faɗa. Na fara da maganin, sai na ji bakina ya wuce. Na ce 'yata ce, ta fari, wurin haihuwa. Na ce ban taɓa ce mata sannu da aiki ba. Na ce kayan jaririn suna cikin jakata. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wani tsoho. Malam Usman ya kifa kansa a kan tebur. Da ya ɗago ya ce, "Ya Allah, ɗan'uwa. Kwana uku kawai na roƙe ka."

Mudir bai ɗaga murya ba. Ta bakin Malam Usman ya yi min ta'aziyya, sannan ya tambayi wanda ya ba ni maganin. Na ce da shi na zo daga gida. Ya dube ni ya daɗe, ya rubuta wani abu. Ya ce ba za su kai ni kotu ba, amma aikina ya ƙare, za a sa ni a jirgi cikin sati.

Na roƙa aka bar ni na je asibiti wurin Karim. An sa masa ƙarfe a hannun, karaya biyu. Akwai wani ɗan ƙasarsu a gefen gadon mai jin Larabci, na ce ya gaya masa na zo neman gafara, ya gaya masa abin da ya same ni. Mutumin ya faɗa masa. Karim ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya yi wata magana a hankali. Mai fassarar ya ce, "Ya ce shi 'ya'yansa mata huɗu ne, duk suna da rai. Ya ce wa zai ɗaure musu rodi yanzu?"  Karim ya juya fuskarsa bango. Na tsaya har ma'aikaciyar jinya ta ce lokaci ya yi.

Ranar da zan tafi Lawwali ya ɗaukar min jaka har bakin ƙofar sansani. Na ce, "Malam Lawwali, ka ga dai abin da ya faru. Don girman Allah ka daina sha."

Ya ce, "Kai biyu ka sha, ni ɗaya nake sha."

"Mutum talatin ne a bayanka."

Ya kawar da kai ya ce, "Mutum tara ne a bayana a Tofa. Ka gaida gida." Har yau, iya sanina, yana can yana tuƙi.

Malam Usman ne ya kai ni filin jirgi da motarsa, ko da yake ba aikinsa ba ne.  Da zan sauka ya miƙo min wata doguwar takarda a ninke. Ya ce, "Bai kamata in fitar da ita ba. Amma ba tasu ba ce, taka ce. In ka ga dama ka yaga." Na sa a aljihu. Ya ce in na je in taka ƙasar Kano da ƙafar dama saboda kakansa.

Daga Kano na shiga motar Ɗanbatta a matsayin fasinja, a kujerar baya, na rufe fuska da rawani don kada direbobin tasha su gane ni. Kaka ta yi, an yanke gero an jera dammuna a gonaki. Na isa ƙauye bayan la'asar. Maza suka taso daga gindin darbejiya suna yi min gaisuwa biyu a haɗe, ta rasuwa da ta hanya. Sanusi ya karɓi jakata.

Na yi sallama na shiga. Hajara tana zaune a ƙofar ɗaki a kan tabarma, ta rame har wuyanta ya fito, jariri a cinyarta tana ba shi madara da cokali. Ta amsa sallamar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sannu da hanya, Malam." Ta sa aka kawo min ruwa. Na zauna a bakin tabarmar. Ta ci gaba da ba jaririn madara har ya gama sha.

Sai ta ce, "Mutanen da ban sani ba sun zo daga Kazaure sun yi min gaisuwa. Kai kuwa ka ce za ka kira. Na ajiye wayar nan a gefen matashina, ko banɗaki ba na shiga ba tare da ita ba. Sati biyu da kwanaki, Malam. Na ce wa kaina kunya ce. Daga baya na ce a'a, wannan ba kunya ba ce, mutumin nan dama bai taɓa sonta ba."

 Duk maganar da na shirya a jirgi ta gudu. Sai na sa hannu a aljihu na ciro takardar, na warware ta a kan tabarma tsakaninmu.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Motar da nake tuƙawa tana jin bugun zuciyar direba, tana rubutawa. Wannan tawa ce."

Hajara ba ta yi boko ba. Ta daɗe tana kallon layin. Ta ce, "Ina ranar?"

Na ɗora yatsa a inda ya miƙe sama. Ta ture yatsana ta sa nata. Ta bi layin a hankali, kwana bayan kwana, yana sama bai sauko ba, har ta kai ƙarshen takardar inda ya faɗo. Ta koma farko ta sake bi. Wani ɗigo ya faɗo a kan takardar, tawadar ta baje. Ta goge da bakin zane.

Ta ce, "Mota ka bari ta sani, ni ba ka bari na sani ba."

Na ce, "Haka ne."

Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin tabarma. Sannan ta ɗago jaririn da hannu biyu ta miƙo min. Na waiga, Sanusi da matarsa da wasu maƙwabta suna tsaye a tsakar gida suna kallo.

Ta ce, "Karɓe shi. Su kalla."

Na karɓa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma goshin uwarsa ne sak.